Sadakar da Na Yi Saboda Ƙaramin Kai

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba da ciwon kuma ya ba da sauƙin. Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan labari kunya tana hana ni, domin rabin laifin nawa ne. Amma makon jiya na ji wata amarya a ofishinmu tana irin murnar da na taɓa yi, sai na ga shirun nawa ya fara zama cuta.

Sunana Rakiya. Ina aiki a ɗakin ajiye fayil na wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja. Aikina ke nan daga safe har la'asar: in haɗa takarda da 'yar'uwarta, in huda, in ɗaure, in sa lamba. Oga ya sha cewa ko allura ce ta ɓace a fayil, a tambayi Rakiya. Ku riƙe wannan, don za ku ga inda gwanar jera takardun mutane ta kasa jera nata guda huɗu.

Muna zaune a Jikwoyi ni da maigidana Lawal, mai sayar da rodi da siminti a kasuwar Dei-Dei. Shekarun nan ne da farar hula suka dawo, ko'ina ka duba a garin gini ake yi, kasuwarsa tana ci. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce talauci ne ya jawo. Abinci yana nan a gidana, ni ce na ƙi ci.

Dalili kuwa haihuwata ta fari. Kwana biyu na yi ina naƙudar Abba, daga ƙarshe aka yi mini aiki. Abin da na farka na ji shi ne wata nas tana cewa, "Kai ne ya ƙi wucewa, wannan yaro akwai kai." Maganar ta bi ni gida. A wajen suna sai da na ji wata tana cewa matan ofis ba su iya haihuwa ba sai an yanka. Wata kuma ta ce daga aiki uku shi ke nan, likita ya rufe ƙofa. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Da na sami ciki na biyu, addu'ata guda ce: Allah ka ba ni mai ƙaramin kai.

Inna, mahaifiyar Lawal, tana zaune a Jiwa tana noma da kiwon kaji. Mace ce mai son mutane, ban taɓa ganin sharrinta ba. Da ta ji labari ta zo da kanta, ta zaunar da ni a ɗaki.

"Rakiya, wancan karon ke kika ciyar da shi har ya gagare ki," in ji ta. "Ƙwai, madara, shayin nan mai kauri, duk a kai suke taruwa. Ga jajayen ƙwayoyin da suke ba ku a asibiti, su ne uwa uba. Mu da muka haifi tara a ɗaki, wa ya ba mu ƙwaya?"

Ban yi musu ba, domin abin da nake son ji ke nan. Na daina cin ƙwai, na daina madara. Da rana a ofis gyaɗa ce da ruwa. Ƙwayoyin ƙarin jini kuwa, kullum na karɓo sai in zuba su a gwangwanin alawa in tura bayan durowar fayil. Lawal yakan fita tun asuba ya dawo bayan magariba, bai san komai ba. In ya tambaya na ci abinci, in ce na ci.

Awon ciki a asibitin gwamnati nake zuwa. Duk wadda ta san hanyar Nyanya ta san abin da nake nufi: ki fito gari bai gama wayewa ba, ki tsaya cikin cunkoson motoci, ki isa ki tarar mata sun fi kasuwa yawa. A ba ki lamba, ki zauna a benci har azahar, a duba ki cikin minti uku. Kullum kuma sabuwar fuska ce ke duba ki. Na'urar hoton ciki tasu layinta sai an yi makonni, don haka sukan ce a je waje a yi a kawo takarda.

Na farko na yi shi a wani ɗakin hoto a Nyanya. Ya ce sati goma sha biyu, daidai da lissafina, don na san cikin ya shiga ne bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki. Na nuna wa nas, na jefa takardar a jakar hannu.

Na biyu na yi shi kusa da ofis, lokacin hutun rana. A lissafina sati ashirin da huɗu. Mai hoton ya ce ashirin da uku. Na ce masa ba haka na ƙirga ba.

"Madam, injin ba ya ƙarya," ya ce yana goge hannu. "Ku mata kuna manta kwanan wata."

Ya rubuta sabuwar ranar haihuwa. Nas ta duba takardar, ta soke tsohuwar ranar a katina ta sa sabuwa. Wannan takardar a durowar ofis ta kwana.

Na uku shi ne wanda ba na so in tuna. A Karu na yi, ina sati ashirin da tara. Wata matashiya ce ta yi mini, mai fara'a. Ta ce sati ashirin da shida. Sannan ta juyo da allon wajena ta ce, "Hajiya, kin gani? Kan ɗan ƙarami ne. Wannan ko atishawa kika yi zai fito."

Wallahi na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. A hanyar gida na tsaya wajen mai waina na sayi ta kwano guda, na raba wa masu gadi da 'yan acaɓa a bakin layinmu, sadaka, ina godiya ga Allah da ya karɓi addu'ata. Na kira Inna a sabuwar wayar salular da Lawal ya saya mata, na gaya mata. Ta yi guɗa a waya. Da na ce abin da ya ɗan dame ni shi ne kwanakin suna ta ja da baya, sai ta ce, "Kwanciya ya yi. Ciki yakan kwanta ya huta, sannan ya tashi. Na Lawal wata goma sha ɗaya ya yi." Takardar ta uku Lawal ya karɓa ya duba, ya sa ta a aljihun mota.

Mutum ɗaya ce ba ta yi murna ba: maƙwabciyata Rifkatu, da muke kira Maman Joy, 'yar Filato. Ta taɓa aikin shara a wani asibiti, yanzu saƙa take yi, hulunan jarirai da safa. Ta karɓi tsohuwar hular da Abba ya sa ranar suna ta auna, ta saƙa wa na cikin irinta da farin ulu. Ranar da ta kawo, ta tsaya tana kallona daga sama har ƙasa.

"Maman Abba, wannan cikin bai yi mini ba fa. Tun wancan wata yana wuri ɗaya. Ƙafanki ne yana girma, ciki ba ya girma."

Na yi dariya na ce kwanciya ya yi.

"Kwanciya kuma? Shi ɗan haya ne da zai kwanta? Abeg, ki je ki ga likita, ba nas ba, likita."

Na ji haushinta har kwana biyu ban leƙa ta ba. Ga shi kuwa gaskiyarta. Takalmina ya daina shiga, zobe ya kama mini yatsa, kai yana sara mini daga ƙeya. A awo an ce jinina ya ɗan hau, in rage gishiri in dawo bayan sati biyu. Ban dawo ba. Masu binciken fayil sun zo ma'aikata, na ce ba zan iya ɓata yini guda a benci ba. Maimakon haka na sake yin hoto a wani wuri na huɗu, ina sati talatin da uku. Aka ce ashirin da tara. Na kai takardar gida na sa a ƙarƙashin katifa. Motsin da nake ji a ciki ya ragu, na ce ai mai kwanciya ba ya yawan motsi.

Sati guda bayan nan, ranar Talata da hantsi, ina tsaye ina ɗaure fayil sai na ga wasu taurari suna gilmawa a idona. Na dafa tebur, rubutu ya narke mini. Abokan aiki suka sa ni a motar oga sai asibiti. Nas ta ɗaura mini abin awon jini, ta duba, ta sake ɗaurawa, sannan ta fita da sauri. Nan na fara jin tsoro.

Likitar da ta zo dattijuwa ce, mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta duba katina ta ga an soke ranar haihuwa an sake rubutawa har sau biyu. Ta ce, "Hoto nawa kika yi?" Na ce huɗu. Ta ce, "Ina suke?" Na fara lissafa mata: jaka, ofis, mota, katifa. Ta cire tabarau ta kalle ni. Lawal ya iso daga Dei-Dei da ƙurar siminti a riga, ta ce masa ya je ya tattaro su duka, yanzu.

Kusan awa uku ya yi kafin ya dawo, ni kuwa ina kwance ana ƙara mini ruwa, ina jiran motsi ɗaya daga cikina. Da ya kawo, ta jera su a kan gadon, a gefen ƙafata, ɗaya bayan ɗaya bisa kwanan wata, kamar yadda nake yi wa takardun gwamnati kullum. Ko kafin ta yi magana na gani da idona. Ta farko daidai. Ta biyu baya da sati ɗaya. Ta uku baya da uku. Ta huɗu baya da huɗu.

"Ciki ba ya kwanciya, Hajiya," ta ce. "Ta farkon nan ita ce gaskiyar kwanakinki. Sauran ba kwanaki suke gaya miki ba, suna gaya miki yaron ba ya samun abin da zai girma da shi. Jininki ya hau, mabiyiya ba ta kai masa abinci yadda ya kamata."

Na ce, da muryar da ni kaina ban gane ba, "Amma an ce mini kan ne kawai ƙarami."

"Yaro a ciki in abinci ya yi kaɗan, kai yake fara ba wa, sauran jiki ya haƙura. In kika ga kan ma ya fara tsayawa, to an daɗe ana yunwa. Kan nan ba ƙofa kawai aka yi shi ya wuce ba. Ƙwaƙwalwa ce a ciki. Da ita zai zauna, da ita zai yi tafiya, da ita zai kira ki."

Waɗannan kalmomi har gobe suna kunnena. A nan, a gaban Lawal, na faɗi komai: ƙwai, madara, gwangwanin da ke bayan durowa, har sadakar waina. Lawal ya juya yana kallon bango. Likitar ta ce ba za ta ce rashin cina ne kaɗai ya jawo ba, hawan jinin ya fi ƙarfi, kuma yana kama wadda take ci ma. Amma ta ce da an ga takardun nan tare tun wata biyu baya, da an sa mini ido, da an ba ni magani. Ban san wanne ya fi ciwo ba cikin biyun.

Aka yi mini allurai na kwana biyu saboda huhun jaririn, rana ta uku aka shiga da ni. Aikin da na yi wata bakwai ina gudu da yunwa, shi aka yi mini. An gudu ba a tsira ba.

Mace ce. Ban ji kukanta ba, aka wuce da ita ɗakin kwalba. Sai a kwana na uku aka tura ni a keke na gan ta ta gilashi, duk jikinta wayoyi, fatar kamar ta fi naman yawa. Maman Joy ta kawo farar hular. Nas ta gwada mata, hular ta sauko ta rufe fuskar har haɓa. Maman Joy ta karɓe abarta ta juya baya, na ga kafaɗunta suna rawa. Washegari ta dawo da wata, wadda ta auna da lemon zaƙi.

An yi suna babu mai suna a gida. Aka sa mata Safiya. Sati uku ta yi a kwalba, ni ina tatsar nono a ƙoƙo ana ba ta ta hanci. Kuɗin bai gagare mu ba, na gode Allah, amma na ga matan da ya gagara a wannan ɗakin kuma ban manta su ba. Ina yi wa nas-nas ɗin ɗakin kwalba addu'a har yau. Na ɗakin awo kuwa, na yafe, sai dai ina tambaya: in mace ta zo da katin da aka soke wa rana sau biyu, ba wanda zai ce dakata?

Lawal bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Kusan wata guda maganarsa da ni ba ta wuce "an ba ta nono?" Inna kuwa, ranar da ta fara ganin Safiya, ta zauna a ƙasan baranda ta rufe kai da mayafi. Da ta tashi ta kama hannuna ta ce, "Rakiya, ni na yi wannan da bakina." Na ce, "Inna, tare muka yi." Daga ranar ta bar gonarta a hannun ƙaninta ta tare a gidanmu.

Sai aka shiga jinya ta biyu, wadda ta fi ta farko tsawo. Kowane wata muna zuwa wajen likitan yara. Yakan zagaya kan Safiya da tef irin na tela, ya ɗiga alama a wata takarda mai layuka. Alamar tata kullum tana ƙasa da layin ƙarshe. Na tambaye shi kai tsaye ko za ta zama kamar sauran yara.

"Hajiya, ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba," ya ce. "Wasu suna kamo 'yan'uwansu, wasu ba sa kamowa duka. Abin da ke hannunmu shi ne abinci, da gashin ƙashi, da magana. Ki riƙa yi mata hira kamar tana ganewa."

A wata biyar na zo sa mata farar hular nan ta farko, sai ta ƙi shiga. Na ja, ta ƙi. Na fita tsakar gida da hular a hannu ina kiran Maman Joy ina kuka. Ni da na yi sadaka don kai ƙarami ne, ga ni ina kuka don ya fi ƙarfin hula. Amma murnar ba ta daɗe ba. Wata shida wuyanta bai tsaya ba. Wata tara ba ta zama, alhali ɗan maƙwabta da aka haifa bayanta yana rarrafe yana jan tukwane. In na ɗauke ta sai ta langaɓe a hannuna.

Masu shawara suka dawo. Wannan ta ce a haƙa rami a zaunar da ita, waccan ta ce hayaƙi. Wata baƙuwa da ta zo gaisuwa ta kalle ta ta ce, ƙasa-ƙasa, irin waɗannan ba mutane ba ne, 'yan ruwa ne, akwai mai mayar da su. Kafin in buɗe baki Inna ta miƙe ta ɗauko takalman matar ta miƙa mata.

"Na taɓa ba da shawara a gidan nan," in ji Inna, "ga sakamakonta a kwance. Sauka lafiya."

Inna ce ke goya ta zuwa ɗakin gashi sau biyu a mako, tana bin layi tun safe, ni ina ofis. Ta koyi yadda ake miƙar mata da ƙafa da juya ta a tabarma. Kowace Asabar ana kawo mata ƙwan kajinta daga Jiwa, ta dafa, ta murje gwaiduwar a kunu, ta ba ta cokali cokali tana yi mata hirar gona. Lawal ya sauko a hankali. Shi ya ƙera mata ɗan katako mai hannu a kasuwarsu don ta riƙa dafawa.

Ta zauna a wata goma sha ɗaya. Ta taka ƙafa bayan ta cika shekara biyu. Baki ne ya ƙi. Tana jin kira, tana dariya, tana nuna abu da yatsa, amma ko "Mama" babu. Likita ya ce in ta kai biyu da rabi babu kalma, zai tura mu wani sashe, kuma mu fara shirya zuciyarmu cewa wataƙila ba makarantar da Abba yake zuwa za ta je ba. Ya ba mu rana. Na rubuta ta a bangon fayil ɗin Safiya, don yanzu tana da fayil, kowace takarda a hude, a ɗaure, da lamba. Kullum na buɗe shi sai na ƙirga kwanakin da suka rage.

Abin da nake roƙon duk mai ciki da ta karanta wannan kaɗan ne. Ki haɗa takardun hotonki wuri ɗaya, ki kai su tare, ki ce a duba su tare. In ranar haihuwa tana ja da baya, kada ki yarda da kwanciya. Ki ci abincinki, ki sha maganinki. Yankan da ake tsorata ki da shi sati shida ya warke mini, wannan kuwa shekara ta uku muke ciki. Amaryar ofishinmu ma sai da na sa ta ta kwaso nata, na jera mata da hannuna, na raka ta har bakin mota.

Ana saura kwana tara ranar da likita ya ba mu ta cika, wata Asabar da safe, muna zaune a tsakar gida. Inna tana ba Safiya kunun ƙwai, ni ina wanki, Lawal yana ɗaura takalmi zai fita. Kunun ya ƙare, Inna ta kankare kwanon ta ajiye. Safiya ta bi kwanon da ido, ta ɗauke shi da hannu biyu, ta tura shi a cinyar Inna.

"Ƙara," ta ce.

Lawal yana sunkuye da igiyar takalmi a hannu. Ta sake buga kwanon a gwiwar kakarta, da ɗan fushi wannan karon.

"Inna. Ƙara."

Likita ya ce har yanzu akwai tafiya a gaba, kuma ban san inda za ta tsaya ba. Amma a ranar, ni da Inna muka tashi a tare muka nufi murhu, muna karo da juna a bakin ƙofa, idanunmu ba sa gani sosai. Yarinyar da muka hana abinci tun ba ta da bakin roƙo, yau ta roƙa da bakinta.

Muka ƙara mata.